Yadda ake girka manhaja a Linux: bayani ga sababbin shiga bayan ƙarewar wa'adin Windows 10

Bauchi – Tun daga ranar 14 ga watan Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya daina tura wa babbar manhajar Windows 10 gyare-gyaren tsaro na kyauta da ya saba fitarwa duk wata, bayan ta shafe shekara 10 ana amfani da ita. Kamfanin ya buɗe wani shiri na ƙarin lokaci ga ɗaiɗaikun masu amfani da suka yi rajista, amma shi ma an sanya masa wa'adi zuwa ranar 13 ga Oktoba, 2026.

Matakin ya shafi duniya baki ɗaya, sai dai nauyinsa ya fi sauka a kan garuruwa irin su Bauchi, inda ɗalibai da masu shagunan buga takardu da ƙananan ofisoshi suka fi dogara da kwamfutocin gwanjo da aka gama cin moriyarsu a Turai da Amurka. Windows 11, wadda ta gaji Windows 10, ba kowace na'ura take karɓa ba. Daga cikin sharuɗɗanta akwai wani ɗan guntun tsaro da ake kira TPM 2.0, kuma galibin injinan Intel da ta amince da su daga ƙarni na takwas ne zuwa sama. Kwamfutar da aka ƙera a 2013 ko 2015, ko da kuwa lafiyarta ƙalau, an rufe mata ƙofa.

Mai irin wannan na'ura yana da zaɓi uku: ya ci gaba da amfani da manhajar da aka daina toshe wa ɓaraka, ko ya sayi sabuwar kwamfuta, ko kuwa ya ɗora mata wata babbar manhajar. Haɗarin zaɓi na farko a bayyane yake. A watan Mayu na 2017 wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta kulle bayanai a kwamfutocin ƙasashe fiye da 150, har da asibitocin Ingila, kuma waɗanda abin ya rutsa da su galibi na'urorin da ba a yi musu gyaran tsaro ba ne. Zaɓi na biyu sai mai hali. Na uku shi ne ya sa sunan Linux ya sake dawowa bakin jama'a.

Sai dai wanda ya koma Linux yakan ci karo da tangarɗar farko tun a ranar farko, lokacin da ya nemi girka manhajar da ya saba da ita. Yakan sauko da fayil mai ƙarewa da ".exe" kamar yadda ya saba, ya latsa, ya ga shiru, sai ya yanke hukuncin cewa tsarin ba shi da amfani. Alhali kuwa hanyar ce daban.

Mece ce Linux?

Babbar manhaja ita ce uwar da ke tafiyar da kwamfuta, wadda sauran manhajoji ke hawa kanta su yi aiki. A shekarar 1983 wani Ba'amurke masanin kwamfuta, Richard Stallman, ya ƙaddamar da aikin GNU domin samar da babbar manhajar da kowa zai iya amfani da ita, ya duba yadda aka rubuta ta, ya gyara, ya kuma raba wa wasu ba tare da neman izini ba. A 1991 wani ɗalibi a Jami'ar Helsinki da ke ƙasar Finland, Linus Torvalds, ya fitar da zuciyar tsarin, wato ɓangaren da ke magana kai tsaye da ƙarafan na'ura. Haɗuwar ayyukan biyu ce ta haifar da abin da ake kira Linux a yau.

Da yawa daga cikin mazauna Bauchi suna yawo da Linux a aljihu ba su sani ba, domin a kan zuciyarta aka gina Android da ke cikin wayoyinsu. Haka nan tun daga watan Nuwamba na 2017, dukkan kwamfutoci 500 mafi ƙarfi a duniya da Linux suke aiki.

Linux nau'i-nau'i ce. Akwai Debian, wadda Ian Murdock ya assasa a 1993. Akwai Ubuntu, wadda ta fito a watan Oktoba na 2004 a ƙarƙashin kamfanin Canonical na attajirin Afirka ta Kudu, Mark Shuttleworth, kuma a kan Debian aka gina ta. Sunanta kalma ce daga harsunan Zulu da Xhosa mai nufin mutuntaka. Akwai Linux Mint, wadda ta fara a 2006, aka gina ta a kan Ubuntu, kuma fuskarta ta yi kama da ta Windows, abin da ya sa ake yawan shawartar sababbin shiga da su fara da ita. Akwai kuma Fedora, wadda ke da nata tsarin. Bayanin da ke tafe ya fi karkata ga dangin Debian da Ubuntu da Mint, domin hanyarsu ɗaya ce.

Rumbu maimakon yawon neman kaya

A al'adar da aka saba, mai neman manhaja yakan shiga intanet ya yi ta lalube, ko ya kai kwamfutarsa wurin mai gyara a ɗora masa daga filasha. Sau da yawa abin da ake ɗorawar kwafi ne da aka fasa makullinsa, wanda ba wanda zai iya rantsuwa a kan abin da aka cusa a ciki. Ban da haɗarin ƙwayoyin cutar kwamfuta, Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda aka sanya wa hannu a watan Maris na 2023, ta lissafa manhajar kwamfuta cikin ayyukan da take karewa.

A Linux kowane nau'i yana da nasa rumbun manhajoji a intanet, wanda masu kula da shi suke tarawa, su gwada, su kuma sanya wa hatimin sirri. Kwamfuta ba ta karɓar kaya daga rumbun sai ta tantance hatimin. Debian 12, wadda ta fito a watan Yuni na 2023, ta zo da ƙunshi sama da 64,000 a rumbunta. Wanda ya saba da Play Store a waya ya riga ya fahimci tsarin, kodayake rumbunan Linux sun girme shi da shekaru masu yawa.

Kowace manhaja a rumbu tana zuwa ne a matsayin ƙunshi. Galibin manhajoji ba sa iya aiki su kaɗai. Suna buƙatar wasu ƙananan ƙunshe-ƙunshe da za a iya kira 'yan rakiya. Aikin ma'ajin rumbu, wanda a dangin Debian sunansa APT, shi ne ya gano 'yan rakiyar da ake buƙata, ya sauko da su tare, ya ajiye kowanne a muhallinsa, ya kuma riƙe lissafin abin da ya shiga domin ranar da za a cire ko a sabunta.

Hanya ta farko: shagon manhajoji

Mafi sauƙin hanya ba ta buƙatar rubuta komai sai sunan abin da ake nema. A Linux Mint shagon sunansa Software Manager, a Ubuntu 24.04 kuma App Center. Mai amfani zai buɗe shagon, ya rubuta sunan manhajar, alal misali VLC mai kunna bidiyo da sauti, ya latsa maɓallin girkawa, sannan ya shigar da kalmar sirrinsa idan an nema. Da zarar an kammala, manhajar za ta bayyana a jerin sauran. Cirewa ma a wuri ɗaya ake yi.

Neman kalmar sirrin yana da dalili. Linux ba ta barin a taɓa jikin tsarin sai da yardar mai izini, kuma wannan na daga cikin abubuwan da ke hana miyagun manhajoji shiga ta bayan gida. A shagon da yara masu koyon aiki ke amfani da kwamfuta, ya kamata mai shago ya buɗe musu asusun da ba shi da ikon girkawa, ya riƙe kalmar sirrin a wurinsa.

Hanya ta biyu: rubuta umarni

Baƙin allon da ake rubuta umarni a kai shi ne ya fi bai wa sabon shiga tsoro, amma umarnin da ake buƙata a kullum ba su kai goma ba. A Ubuntu da Mint ana buɗe allon ne ta danna Ctrl da Alt da T a lokaci guda. Umarni na farko shi ne:

sudo apt update

Wannan ba ya girka komai. Abin da yake yi shi ne karɓo sabon jerin kayan da ke rumbu, kamar yadda ɗan kasuwa ke tambayar farashin yau kafin ya yi sari. Kalmar "sudo" ita ce neman izinin mai gida, shi ya sa kalmar sirri ke biyo bayanta. A nau'o'i da dama allon ba ya nuna komai yayin da ake rubuta kalmar sirrin, ko tauraro ɗaya. Ba lalacewa ba ce. A rubuta a danna Enter kawai.

Daga nan sai girkawa:

sudo apt install vlc

Kafin ya fara, APT zai jero abin da zai sauko da shi, ya faɗi yawan megabait ɗin da zai ci da kuma filin da zai mamaye, sannan ya nemi amincewa. Wanda bai san takamaiman sunan ƙunshi ba zai iya rubuta "apt search" ya biyo da kalmar da yake nema. Ana cire manhaja da "sudo apt remove" da sunanta, ana kuma share 'yan rakiyar da suka zama marayu da "sudo apt autoremove". Umarnin "sudo apt upgrade" kuwa yana sabunta duk abin da aka girka daga rumbu a zama ɗaya. A Fedora kalmar "dnf" ce ke maye gurbin "apt".

Linux tana bambanta babban baƙi da ƙarami. Wanda ya rubuta "VLC" a inda ake son "vlc" zai samu amsar cewa babu ƙunshi mai wannan suna. Haka kuma idan allon ya ce rumbu a kulle yake, galibi wata manhajar sabuntawa ce ke aiki a bayan fage. Haƙurin 'yan mintuna yana warware matsalar.

Abin da babu a rumbu

Wasu kamfanoni suna raba manhajarsu ne a shafukansu. Google Chrome da Zoom, alal misali, suna bayar da fayil mai ƙarewa da ".deb" domin dangin Debian, da kuma ".rpm" domin dangin Fedora. Idan an sauko da na ".deb", a Mint latsawa biyu ta isa ta buɗe mai girkawa. A allon umarni kuwa, bayan an shiga jakar da fayil ɗin yake, ana rubuta "sudo apt install ./" a manna sunan fayil ɗin a jikinsa ba tare da tazara ba.

Akwai kuma sababbin hanyoyi uku da ba su damu da nau'in Linux ba. Snap ta kamfanin Canonical ce, kuma Ubuntu tana zuwa da ita. Flatpak tana ɗebo kaya ne galibi daga rumbun Flathub, kuma ita Mint ta zaɓa. Tun daga 2020 Mint ta toshe Snap sai in mai amfani ne ya buɗe da kansa. AppImage kuwa fayil guda ne da ba a girka shi: a sauko da shi, a ba shi izinin aiki, a latsa. Amfanin waɗannan hanyoyi shi ne sukan kawo sabon samfurin manhaja da wuri. Aibinsu shi ne nauyi, domin suna ɗauke da nasu 'yan rakiyar. Manhajar da ba ta taka kara ta karya ba a rumbun APT tana iya cin ɗaruruwan megabait a karon farko ta hanyar Flatpak.

Batun data da wutar lantarki

Wannan bambanci na nauyi ba ƙaramin abu ba ne ga mai sayen data da kuɗin aljihunsa, musamman bayan Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince a watan Janairu na 2025 da ƙarin kuɗin kira da data har zuwa kashi 50 cikin 100. Shagon Mint yakan nuna manhaja ɗaya ta hanyoyi biyu, ta rumbun tsarin da ta Flatpak. Duba girman kowanne kafin latsawa yana ceton kuɗi. Snap kuma tana duba sabuntawa da kanta sau huɗu a rana. Mai haɗa kwamfuta da intanet ta waya zai iya shiga saitunan sadarwa ya nuna cewa layin na awo ne, sannan ya rubuta "sudo snap set system refresh.metered=hold" domin ta dakata har sai an samu layi mai yalwa.

Inda kwamfutoci suke da yawa, kamar shagunan buga takardu na kewayen Yelwa da Gwallameji ko ɗakin kwamfuta na makaranta, ba dole ne kowacce ta sauko da abu ɗaya ba. Umarnin "sudo apt-get install --download-only" da sunan manhaja yana sauko da ƙunshin ya ajiye a jakar /var/cache/apt/archives ba tare da girkawa ba. Daga nan ana iya kwafar fayilolin a filasha a kai wa wata kwamfutar, muddin nau'i da samfurin Linux ɗinsu ɗaya ne. Akwai kuma wata manhaja mai suna apt-cacher-ng da ke mayar da kwamfuta ɗaya ƙaramin rumbu ga sauran da ke kan layi guda.

Idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar saukowa, babu asara, domin APT yakan ɗora daga inda ya tsaya. Haɗarin yana lokacin da ake tsakiyar girkawa. Idan hakan ta faru, umarni biyu ne ke gyara yawancin ɓarnar: "sudo dpkg --configure -a", sannan "sudo apt --fix-broken install". Duk da haka rigakafi ya fi magani: kada a fara babban sabuntawa da batirin da ya kusa ƙarewa, ko a kwamfutar tebur da ba ta da na'urar riƙe wuta.

Me zai maye gurbin me?

Ga ɗalibin Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, wadda aka kafa a 1980 a matsayin jami'ar fasaha ta tarayya, ko na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Gwallameji, ko na Kwalejin Abubakar Tatari Ali, tambayar da ta fi muhimmanci ita ce ko aikinsa zai yiwu. LibreOffice, wadda Mint ke zuwa da ita, tana buɗe takardun Word da Excel da PowerPoint, tana kuma ajiyewa a tsarinsu. Ga masu karatun injiniya akwai FreeCAD da KiCad da GNU Octave. Ga masu safiyo da taswira akwai QGIS. Ga masu ƙididdiga akwai R da PSPP. Masu zane da ɗab'i suna da GIMP da Inkscape da Scribus, masu haɗa bidiyo da sauti kuma Kdenlive da Audacity. Duk kyauta ne, kuma halas ne a raba su.

Ɗalibin da aka wajabta wa buga kundin bincikensa da rubutun Times New Roman zai iya girka ƙunshin ttf-mscorefonts-installer, wanda ke kawo shi tare da Arial. Ya kamata kuma a mayar da takarda zuwa PDF kafin a kai ta shagon bugawa, domin kada tsarin shafuka ya wargaje a wata kwamfutar.

Amma akwai iyaka, kuma bai kamata a ɓoye ta ba. CorelDRAW da Photoshop da AutoCAD da Microsoft Office na kan kwamfuta ba su da samfurin Linux a yanzu. Akwai wata manhaja mai suna Wine da ke kunna wasu manhajojin Windows, amma ba duka ba, kuma ba kullum lami lafiya ba. Mai shagon da abincinsa ya rataya a kan CorelDRAW, wanda kwastomomi ke kawo masa aiki a tsarinta, bai kamata ya share Windows a dare ɗaya ba. Zai iya ajiye duka biyun a kwamfuta ɗaya, ya riƙa zaɓa a lokacin kunnawa, ya bar tsohuwar Windows ga aikin zane ba tare da haɗa ta da intanet ba, ya mayar da harkar imel da banki kan Linux.

Masu rubutu da Hausa kuwa suna da sauƙi. A cikin saitunan allon rubutu na Linux akwai tsarin Hausa ta Najeriya, wanda ke fitar da ɓ da ɗ da ƙ ba tare da an girka wani abu ba, kuma nau'o'in rubutu irin su DejaVu da Noto suna nuna su daidai.

Tsaro bai ƙare a rumbu ba

Linux ba laya ba ce. A watan Maris na 2024 wani injiniya mai suna Andres Freund ya gano wata ƙofar sirri da aka dasa a cikin xz, ƙaramar manhajar matse fayil da kusan kowane nau'in Linux ke amfani da ita. An gano ta ne kafin ta isa ga yawancin jama'a, kuma buɗaɗɗen tsarin ne ya ba da damar bin diddiginta, amma lamarin ya nuna cewa masu kutse ba su yi barci ba.

Ga sabon shiga, ƙa'idojin kaɗan ne. A fara neman manhaja a rumbun tsarin. Idan babu, a je shafin kamfanin da ya yi ta, ba shafin ɗan tsakani ba. Kada a kwafi umarni mai farawa da "sudo" daga intanet ko daga wani zauren WhatsApp ba tare da sanin aikinsa ba, domin layi ɗaya yana iya share duk abin da ke cikin kwamfuta. A riƙa sabuntawa a kai a kai. A kuma zaɓi samfuri mai dogon wa'adi: Ubuntu tana fitar da irinsa a watan Afrilu duk bayan shekara biyu, tare da kulawar shekara biyar, don haka Ubuntu 24.04 da Mint 22 za su ci gaba da samun gyara har 2029.

Kafin a yi ƙaura

Mint tana buƙatar ƙwaƙwalwar aiki ta gigabait 2 a ƙalla, kodayake 4 ta fi, da filin ajiya na gigabait 20. Fayil ɗin girka ta ya kusa gigabait 3, na Ubuntu 24.04 kuwa ya kusa 6. Ana ɗora shi a filasha da manhaja irin su Rufus ko Ventoy, kuma filasha ɗaya tana iya yi wa unguwa guda aiki. Daga filashar ana iya kunna Linux a gwada ta ba tare da an taɓa abin da ke cikin kwamfutar ba. A nan ne ya dace a tabbatar da cewa Wi-Fi da sauti da na'urar buga takardu suna aiki. Kafin a latsa maɓallin girkawa kuwa, wajibi ne a kwafe takardu da hotuna zuwa wani wuri, domin zaɓin share faifai gaba ɗaya ba ya da gyara.

Ba ɗaiɗaikun mutane kaɗai ke bin wannan hanya ba. Jihar Kerala ta Indiya ta daɗe da mayar da makarantun gwamnatinta kan Linux, kuma a 2024 jihar Schleswig-Holstein ta Jamus ta sanar da shirin sauya kwamfutocin ma'aikatanta kimanin 30,000 zuwa LibreOffice da Linux. Ga masu gyaran kwamfuta na kewayen Wunti da sauran sassan Bauchi, wannan wata ƙofar sana'a ce: duk kwamfutar da Windows 11 ta ƙi karɓa tana buƙatar wanda ya iya ɗora mata Linux, ya girka manhajojin da mai ita ke buƙata, ya kuma zauna da shi ya nuna masa hanyar rumbu.